Zuwa ga ɗana, kan jinyar Inna

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ka gaida Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Labari ya iso ni cewa tun da aka sallamo ta daga asibiti, a rigingine take wuni, ba mai juya ta sai in za a canza mata kunzugu. An kuma ce kana raba ƙwayar hawan jininta biyu don ta kai ƙarshen wata. Ko an ƙara wa maganar gishiri, rabinta ma ya isa ya hana ni barci.

Hawan jinin da ya shanye mata ɓarin jiki bai tafi ko'ina ba, magani ne ya danne shi. In ka rage, ka buɗe ƙofar bugu na biyu. Wasu ƙwayoyin ma an yi su ne su riƙa narkewa a hankali tsawon yini, da ka fasa su sai ƙarfinsu ya fita gaba ɗaya. In kuɗi ne ya gaza, ka faɗa wa likita ba kunya, ya rubuta irin maganin daga kamfani mai sauƙin farashi, ya kuma nuna maka wanda ba a taɓawa da wanda za a iya ajiyewa. A riƙa awo ana rubutawa. Galibi bayan irin wannan ciwo ƙasa da 130/80 ake nema, sai in likitanta ya ba ku wani adadi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gyambon kwanciya. Mai lafiya yana juyi cikin barci bai sani ba. Ita ba ta iyawa, kuma ɓangaren da ya shanye ba lallai ya ji zafi ba balle ta yi ƙorafi. Ƙashi ya danne nama a kan katifa, jini ya daina kaiwa, cikin 'yan sa'o'i naman ya fara mutuwa. Sau da yawa daga ciki yake farawa, ranar da fata ta buɗe sai a tarar da rami.

A juya ta duk bayan awa 2, har da dare. Kada a kwantar da ita kai tsaye a kan kwatangwalo. A karkatar da ita kamar digiri 30, a tokare bayanta da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinta. Diddige kada ya taɓa katifa ko kaɗan: matashi a ƙarƙashin sha-raɓa, diddigen yana lilo. Wajen matsar da ita, mutum biyu su kama zanin gado su ɗaga, ban da ja, domin ja yana yage naman da ke ƙarƙashin fata. Hannun da ya shanye kuma ba a kama shi a ɗago ta, kafaɗar takan goce.

Safe da yamma a duba ƙashin da ke saman ɗuwawu, da diddige, da idon sawu, da kwatangwalo, da allon kafaɗa, da ƙeya. Za ka ji ana cewa a nemi wurin da ya yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Ka nemi inda ya fi kewayensa duhu, ko yake sheƙi, ko ka taɓa ka ji ya fi zafi ko tauri. In ka ga haka kada a murza wurin, kada a gasa shi, a dai ɗauke masa nauyi. Fitsari da gumi suna jiƙa fata ta yi laushi, don haka a wanke da ruwa mai ɗumi, a tsane ba tare da gogewa ba, a shafa basilin kaɗan. Kada fatarta ta zauna a kan leda. In ka ji wari, ko ka ga mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko ta fara ruɗewa, a ranar za ku je asibiti.

Kada ka ce mini aiki ya yi maka yawa. Kai ka miƙe a gaban kowa ka ce a kawo ta gidanka, na kuwa yarda saboda bayana ba ya iya ɗaga ta, ka sani. Ka bar wa matarka jinyar ita kaɗai, ga yara, ga dare. Wace mace ce za ta tashi duk awa 2 wata da watanni ba mai karɓar ta? Kuɗin da kake tattali a ƙwaya, gyambo ɗaya mai zurfi zai cinye ninkinsa a wankin ciwo kullum, da allurai, wani lokaci har da tiyata.

Na san nauyin ba kaɗan ba ne, kuma ban manta abin da ka yi a jinyar marigayi Baba, mijinta, ba. Ita ma rashinsa ke cin ta. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki ciwon damuwa yana kama su, ita kuwa ga takaba a kai. In tana ƙin abinci kada ku ce rigimar tsufa ce, ku faɗa wa likita, domin jikin da ya rame shi ya fi saurin yin gyambo. A zaunar da ita sosai kafin a ba ta, loma ƙanana, a bar ta a zaune rabin awa bayan ta gama don kada ta ƙware.

Ka rubuta abin da ake kashewa a wata, magani daban, kunzugu daban, gashin ƙashi daban, ka turo mini. Ni zan yi wa ƙannenka magana, kowa ya ɗauki kasonsa da darensa. Yau kuma kafin ka kwanta, ka duba diddigenta da kanka, matarka ta duba bayanta, ka kira ni.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka