Burodin da Nana take ɓoyewa a jaka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na karanta sharhin da kuka buga kwanan baya a kan karayar tattalin arzikin duniya ta 1929, kuma na ƙaru. Sai dai magana ɗaya ta tsaya mini a wuya, inda marubucin ya ce ko a wancan zamani Bature bai san yunwa ba, tunda gwamnati na biyansa kuɗin rashin aiki. Da ni ma haka na ɗauka, har aikin kula da tsofaffi ya kawo ni arewa maso gabashin Ingila, bakin kogin Tyne, na haɗu da wata tsohuwa 'yar garin Jarrow. Ta rasu yanzu, tana da shekara 90 da ɗoriya. Jikokinta Nana suke ce mata, wato kaka a bakin mutanen nan, ni ma sai na kama, tunda sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushiya.

Nana ba ta barin burodi a faranti. In ta ci rabin yanka ta ƙoshi, sai ta naɗe sauran a tishu ta cusa a jakar hannunta. Wata rana na zo gyara jakar, na tarar da guntaye har da masu hunhuna, na zubar da su gaba ɗaya. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Rana ta uku ta nuna mini kujera ta ce in zauna. Labarin da ta fara ranar mun fi wata muna yin sa, wani ta gani da idonta, wani uwarta ce ta ba ta.

Kakanta daga Ayalan ya zo, kamar dubban 'yan ƙasarsu, don aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Palmer, wadda ta saki jirginta na ɗaukar kwal a ruwa tun 1852. Kamfanin nan shi ne garin. Shi ke narka ƙarfe, shi ke ƙera injin, shi ke haɗa jirgi, kuma lokacin da yake tashe wajen mutum 10,000 ke ci a ƙarƙashinsa. Mahaifin Nana ya gaji ubansa. Aikinsa buga ƙusoshin ƙarfe, ana miƙo su jawur daga wuta yana haɗa farantan jikin jirgi da su, kuma iya ƙusar da ka buga iya kuɗinka. Ƙarar guduma ta cinye masa kunne tun yana da sauran ƙarfinsa, shi ya sa a gidansu magana da ihu ake yin ta ko ba faɗa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jirage suka yi wa duniya yawa, oda ta ja baya, 1929 ta zo ta ƙarasa. Amma kada a ɗora wa kasuwa laifin duka. A 1930 manyan masu ƙera jirage na Birtaniya suka haɗa kai suka kafa wani kamfani, National Shipbuilders Security, aikinsa kawai sayen masana'antun da suka raunana ya rushe su, don waɗanda suka rage su samu riba. Palmer ta saki jirginta na ƙarshe a 1932. A 1934 aka saye ta, aka kwance injuna, aka kuma gindaya sharaɗin ba za a sake ƙera jirgi a filin ba sai bayan shekara 40. Kusan mutum 7 cikin 10 na ma'aikatan Jarrow suka koma zaman kashe wando. Wahalar kuma ba ta tsaya kan Turawa ba. A South Shields, gari mai maƙwabtaka, akwai Musulmi 'yan Yaman ma'aikatan jirgi, kuma a watan Agusta 1930 har jini aka zubar a bakin tashar ruwa saboda rigimar wa za a ɗauka aiki.

To, ga kuɗin da marubucinku ke magana a kai. A 1931 gwamnati ta rage shi daga sule 17 zuwa sule 15 da taro a mako ga magidanci, matarsa sule 8, kowane ƙaramin yaro sule 2. Kuɗin da iyayenmu suka sani ne kafin naira ta zo a 1973, don haka dattawan masu karatu za su iya lissafin da kansu. Haya ta ɗebi nata, kwal na ɗumama ɗaki ya ɗebi nasa, kuma sanyin ƙasar nan ba ya jin lallashi. Bayan mako 26 sai a miƙa ka ga wata doka da suke kira Means Test, wadda ni na raɗa wa suna dokar leƙa tukunya. Jami'i zai shigo har cikin ɗaki da littafinsa, ya dubi abin da kuka mallaka, duk abin da ya ga za ku iya rayuwa ba shi sai ya ce a sayar tukuna. Agogon bango na auren iyayenta ya tafi. Keken ɗinkin uwarta ya tsira ne don ana jin jami'i ya shigo layi sai a fitar da shi ta ƙofar baya zuwa gidan maƙwabciya. Ko wannan da fargaba, domin akwai masu kai tsegumi in sun ga mace na karɓar ɗinki ko wankau.

Kwat ɗin mahaifinta guda ɗaya kuwa, ranar Litinin a kai shi kantin jingina, ranar Asabar a fanso shi don zuwa coci, Litinin ya koma. Abinci burodi ne da kitse da shayi. Uwarta kullum sai ta ce ta riga ta ci a kicin. Nana ta ce sai da ta haifi nata 'ya'yan ta gane babu abin da ake ci a kicin ɗin.

Inda dokar ta fi cuta shi ne lissafin gida ɗungurungum. Yayanta namiji ya samu ɗan aikin kai saƙo a wani kanti, sai aka zabge abin da yake samu daga kuɗin uban. Yaro na wahala, tukunya ba ta ƙaru ba, uba kuma ya koma cin gumin ɗansa, abin da ya fi yunwar ci masa rai. Mafita ɗaya ce, yaron ya bar gidan, a rubuta ba ya nan. Ya koma kwana wurin wata gwaggo. Yayarta mace na gama makaranta da shekara 14 aka sa ta a jirgin ƙasa zuwa Landan aikatau.

Ranar 5 ga Oktoba 1936 maza 200 suka tashi daga Jarrow a ƙafa zuwa Landan, tafiyar kusan mil 300, ɗauke da takardar koke mai sa hannun mutum wajen 11,000, suna roƙon a kawo wa garin aiki. 'Yar majalisarsu Ellen Wilkinson ta taka tare da su a wurare da dama. Fiye da mutum 1,200 suka ba da sunansu, har da mahaifin Nana, amma likita ya saurari ƙirjinsa ya ce ya koma gida. Nana na da shekara 7, tana bakin titi riƙe da hannunsa, kuma abin da ta riƙe a ranta shi ne bai ɗaga wa kowa hannu ba. Sun isa Landan 31 ga Oktoba. Firaminista Stanley Baldwin bai gana da su ba. Dama kafin nan ministan ciniki Walter Runciman ya shaida wa wakilan garin cewa Jarrow ta nemo wa kanta mafita. Da suka dawo kuma suka tarar an yanke musu kuɗin rashin aiki, wai ai ba su gari lokacin da aiki zai iya samuwa.

Aiki bai dawo sosai ba sai da ƙasar ta shiga shirin wani yaƙin. Mahaifinta ya sake riƙe guduma a wata masana'antar da ke kusa, bayan shekarun da hannunsa ya yi laushi. Kuɗi sun shigo, an sayi wani agogon. Yayan bai sake zama a gidan ba, yayar ta yi aure a Landan, zuwanta gida bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ni ma na ba ta nawa labarin. Baba ma'aikacin wata masaƙa ne a Kaduna, kuma bayan an rufe ta na ga kwanukan jeren Inna suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, kowace fita da dillaliya. Nana ba ta tambaye ni sunan masaƙar ba, ko dalilin rufe ta. Cewa ta yi, wa ya fara barin gidan? Na ce Yaya, ya tafi Legas acaɓa. Ta gyaɗa kai, ta buɗe jaka ta miƙo mini rabin yankan burodi.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma. Duk ran da za ku aika wakili ya yi rahoto a kan masana'antun Kakuri ko Sharaɗa ko Bompai, bayan ya ɗauki hoton ƙofar da ciyawa ta cinye, a haɗa shi da wakiliya mace ta shiga cikin gidaje, ta zauna da matan, ta yi musu tambayar nan ta Nana.

Wassalam.

Taku,
Mai karatu daga bakin kogin Tyne, Ingila