Babangida, kar ka saki ɗakin nan

Samaru, Zariya.

Babangida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiyarku da ke tashi da zarar hunturu ya leƙo, ka dai san ta.

Ɗan gwaggonka na Bronx, can Niyok, ya kira ni ranar Juma'a. Bai so ya faɗa ba, ni na matsa masa. Ya ce ka ajiye aikin daren, kana wuni a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da saksofon, kuma ka gaya wa mai gidan da kake haya cewa ƙarshen wata za ka kwashe kayanka. Da ya tambaye ka ina za ka koma, wai sai ka ce ai Charles Gayle, Ba'amurken nan mai busa saksofon, shi ma ba shi da ɗaki. Wannan ta ƙarshen ban gaya wa Hajiyarku ba.

Busa kam ba zan hana ka ba. Ni na ɗora maka ƙahon nan a hannu, ka kuma san maganganun da na sha a gidan Malam saboda haka. Fayafayan Gayle ɗin ma a akwatina ka fara ganinsu. To tunda da shi ka kafa hujja, bari mu bi lissafin rayuwarsa da kyau, don na lura rabin labarin ka ɗauka ka bar rabi.

An haife shi a Buffalo a 1939. Da fiyano ya fara tun yana yaro, ya girma ya iya saksofon har ya ɗan koyar da kiɗa a jami'ar garinsu. Sai a farkon shekarun 1970 ya koma Niyok, yana da shekara talatin da ɗoriya. Ka riƙe wannan: mutumin ya shiga titi da hannunsa a gine, kunnensa a gine. Titi bai koya masa komai na busa ba, abin da ya zo da shi ya yi ta kashewa a can. Ya yi fiye da shekara goma sha biyar yana busa a bakin hanya da tashoshin jirgi, yana kwana inda dare ya yi masa, wani lokaci a kangon gini. A tsawon wannan zamani faifai nawa ya fita da sunansa? Ko ɗaya. Wanda ya ɗauka wa kamfanin ESP-Disk bai fito ba, kamfanin ya durƙushe a tsakiyar shekarun 1970.

Abin da ya fito da shi ba wahala ba ce, mutane ne. Peter Kowald, Bajamushen nan mai kaɗa babban bas, shi ya ji shi ya jawo shi cikin taron Sound Unity a 1984, aka kuma nuna shi a fim ɗin Rising Tones Cross. Duk da haka sai a 1988 wani ƙaramin kamfani na Suwidin, Silkheart, ya shigar da shi ɗakin ɗaukar sauti, aka yi faifai uku kusan a jere: Always Born, wanda John Tchicai ya busa a ciki, da Homeless, da Spirits Before, biyun nan tare da Sirone a bas da Dave Pleasant a ganga. Shekararsa arba'in da tara a lokacin. Kai ashirin da shida gare ka. Ka yi lissafin tazarar da kanka.

Yanzu ɗauko wanda ka fi so, Touchin' on Trane. A Balin ta Jamus aka ɗauke shi a 1991, kamfanin FMP, tare da William Parker da Rashied Ali, makaɗin ganga na ƙarshe na John Coltrane, babban gwanin saksofon. Ka saurari kashi na biyu da kunnen mai koyo, ba na mai sha'awa ba. Duk kukan da ƙahon ke yi a can sama, yana sauka daidai inda ya nufa, yana kuma barin fili ga Ali ya amsa. Wannan busar mutumin da ya yi barci ne, ya ci abinci, ƙahonsa ba ya yoyo. Haka Repent na 1992, inda waƙa ɗaya ta kai wajen minti hamsin: ta fito ne daga zaman da ya samu a Knitting Factory, gidan kiɗa a Niyok, wuri mai rufi, mai ranar da aka tsayar, mai abokan kiɗa da suka san juna. Consecration da ya yi wa kamfanin Black Saint, da na fiyanon da ya fitar daga baya irin su Time Zones a 2006, duk bayan ya samu ɗan ƙaramin ɗaki ne. Har koyarwa ya sake yi a kwalejin Bennington. Fiyano dai ba a kai shi ƙarƙashin gada. Na san za ka ce shi da bakinsa ya faɗa cewa zaɓinsa ne ya zauna a titi. Haka ne. Ya kuma riƙa sa kayan wawan sarki a dandamali da sunan Streets, yana tsayar da kiɗa ya yi wa jama'a wa'azin addininsa har wasu su tashi su fita. Mutum ne mai hanyarsa shi kaɗai, kuma inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Bari in gaya maka abin da Janairun Niyok zai yi wa ƙahon, tunda shi ka fi tausayi a kan jikinka. Da dare sanyi kan sauka ƙasa da sifili. Iska mai sanyi a cikin bututu tana saukar da murya, sai ka tura baki can cikin wuya don ka ɗaga ta. In ya ƙure, sai ka fara cije harshen gorar da ke bakin ƙahon da haƙori ba ka sani ba. Mako biyu a haka cikin leɓenka na ƙasa ya tsage, kuma wanda ya saba cizo ya rabu da muryoyin sama, don su da maƙogwaro da bayan harshe ake kamo su, ba da muƙamuƙi ba. Numfashinka mai ɗumi yana zama ruwa a jikin ƙarfe mai sanyi, ya gangara ya jiƙa fatun murafe. Saksofon tena tana da fatu ashirin da 'yan kai. In suka jiƙe suka bushe, suka jiƙe suka bushe, sai su ƙandare; ƙaron da ya riƙe su kuma sanyi na sa shi tsinkewa, fata ta goce ko ta faɗo. Guda ɗaya ta sama in ta yi yoyo kamar kaurin gashi, muryoyin Bi-filat da Bi da Si na ƙasa sun daina fita sai da ƙarfi, kai kuma ka ɗauka salon ka ne ya yi kauri. Ba salo ba ne, ƙaho ne ya lalace. Gwajin ba wuya: ka kashe fitilar ɗaki, ka zura ƙaramar tocila a ciki, ka danna kowane maɓalli da taushin yatsa, duk inda haske ya leƙo nan ne. Ka ga ko gwajin ma sai da ɗaki. Bayan kowace busa a zura tsumma a ciki sau biyu, a cire wuya a goge shi daban, a bar akwatin a buɗe na rabin awa a wuri mai ɗumi. Murfin Ji-shaf in ya manne, a sa takarda mai tsabta a ƙarƙashinsa, a danna, a ja. Harsunan gora huɗu ake juyawa, masu taurin lamba biyu da rabi ko uku, a jiƙa minti biyu, a adana a kan abu mai shafaffen fuska don kar su karkace. Na ji ka koma lamba huɗu don kwaikwayon Albert Ayler, wani gwanin saksofon ɗin. Shi na roba yake sawa, bayan shekaru yana busa a bandin soja. Sauko.

Sai kunne. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti awa takwas ake yarda mutum ya zauna a cikinta, kowane ƙarin uku kuma yana raba lokacin biyu. A 100 minti goma sha biyar ne kacal. Jirgi in yana shigowa tasha yana taka birki yana kaiwa wajen nan, ga ƙahonka na dukan bangon tayil yana dawo maka. Ka sayi toshiyar kunne irin ta makaɗa. Jin da ya tafi ba ya dawowa.

Amma duk wannan ba shi ke hana ni barci ba. Ƙaho a sayi wani. Abin da nake gani in na rufe ido shi ne kai a kwance a kan benci, ka ɗaura igiyar akwatin a hannu don kar a sace, ƙarfe uku na dare, dusar ƙanƙara na zuba, ba wanda ya san sunan ubanka a garin. A ina za ka yi alwala? Wa zai san ka yi kwana uku da zazzaɓi? In wani abu ya faru, wa za a kira, da wane yare? Kai da ko sanyin Samaru sai an kai maka garwashi ɗaki! Gayle ɗan ƙasa ne, ko ya kwana a titi ba mai tambayarsa takarda. Kai baƙo ne, kuma baƙon da ba shi da adireshi wasiƙar hukuma ba ta samunsa, ranar da aka sa masa ta wuce bai sani ba. Ba ka da hankali ne, Babangida? Gonar Hajiyarku ta Bomo da aka sayar, don ka je ka yi gasar talauci da mutumin da ya rasu aka sayar da ita? Kana kirga wanda ya fita, ba ka kirga waɗanda suka nutse. Albert Ayler, wanda ya yi Spiritual Unity a 1964, a kogin East River aka tsinci gawarsa a Nuwamban 1970, yana da shekara talatin da huɗu. Giuseppi Logan faifai biyu ya yi wa ESP-Disk a tsakiyar shekarun 1960, ya ɓace shekara kusan arba'in, sai a 2008 aka gan shi a wani lambun shaƙatawa na Niyok da ƙaho duk ya lalace. Henry Grimes da bas ɗinsa ya fashe bai da kuɗin gyara, sayar da shi ya yi, ya yi shekara talatin da wani abu bai taɓa tsirkiya ba. Su ma duk gwanaye ne.

Na yi zafi, ka yi haƙuri. Uba ne.

In misali kake nema, ga wanda ya taka ƙasar nan da kake wasa a kanta. Yusef Lateef, Ba'amurke mai busa saksofon da sarewa, ya zauna a nan jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani, ya ɗauki faifansa In Nigeria a tsakanin. Digirin digirgir gare shi, yana koyarwa, yana busa abin da ransa ke so, ya kai shekara casa'in da uku. Albashi bai rage masa ko murya ɗaya ba.

Ga abin da nake so. Ka koma wa mai gidan ka janye maganarka, ka nemi aikin daren ko da kwana huɗu ne a mako. Tasha ka je awa biyu da rana, a kan dandamali ba cikin tarago ba, ba tare da lasifika ba. Safiya ta ɗaki ce: minti ashirin na dogayen muryoyi, sannan ka kama Bi-filat na ƙasa, ba tare da motsa yatsa ba ka fitar da na samansa, sai Ef, sai Bi-filat, sai Di. Ranar da waɗannan suka fito tas ba cizo, ihun da kake so zai zo da linzami. Numfashin da ba ya yankewa kuwa, ka riga ka ga yadda masu algaitar fada ke cika kumatu suna shaƙa ta hanci; ka gwada da tsinken shan lemo a kofin ruwa, kumfa kar ta tsaya.

Duk abin da kuka busa da abokanka ka ɗauka, ka rubuta rana da wuri da sunan kowa, ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu. In ƙaramin kamfani ya nema, ba shi izinin shekaru ƙididdigaggu a rubuce, asalin sautin ya zauna naka, a kuma rubuta kwafi nawa za a buga da nawa ne rabonka, don yawancinsu da fayafayan suke biya ba da kuɗi ba. Look Up na Gayle a 1994 aka ɗauka, sai 2012 ya fito. Da ba wanda ya adana, da shi ke nan.

Na ba ɗan gwaggonka kuɗin haya na wata ɗaya, kar ka yi masa gardama, kar kuma Hajiyarku ta ji daga ina suka fito. Ka turo mini hoton rasit. Ka haɗo da abin da ka ɗauka na baya-bayan nan, wanda ya ce kun yi da mai gangar nan ɗan Senegal. Ina so in ji ko har yanzu kana gaggawar shiga kafin bas ya gama maganarsa.

Ƙannenka na gaishe ka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.