A Riƙa Yanke Hukuncin Ciyarwar Wucin Gadi Kafin A Tura Ma'aurata Sulhu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin alƙalan kotunan Shari'ar Musulunci kan halin da mace da 'ya'yanta suke shiga daga ranar da aka shigar da ƙara zuwa ranar da aka kammala sulhu.

Idan rikicin aure ya zo gaban alƙali, yakan mayar da shi hannun hakamai, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarta. Wannan daidai ne. Sai dai sulhu yana cin watanni, alhali tukunya ba ta jiran ranar zama. Ƙanwata ta yi wata bakwai a gidanmu da yara uku ana ta ɗage shari'arta. Na ga ranar da ta kwance ɗan kunnenta ta kai kasuwa domin kuɗin makarantar babban, kuma daga ƙarshe ta yarda da hul'i, ta mayar da sadaki, ba don ta ƙi auren ba, sai don yunwa ta ci ƙarfinta. Sulhun da aka ƙulla da mai jin yunwa, a ganina, tilas ne aka sa masa wani suna.

Shari'a ba ta bar wannan giɓi ba. Ciyar da 'ya'ya yana kan uba ko ana zaman lafiya ko ana rigima, kuma lokacin da Hindu bint Utba ta kai kukan ƙwauron mijinta, Annabi (SAW) ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Hatta dokar auren kotu ta 1970 ta ba alƙali ikon yanke hukuncin ciyarwa tun shari'a tana gudana.

Saboda haka ina kira ga Alƙalan Alƙalai na jihohinmu su fitar da ƙa'ida cewa tun zaman farko a rubuta umarnin wucin gadi: nawa miji zai riƙa bayarwa duk wata gwargwadon samunsa, wa zai riƙe yara, da yadda ɗaya zai riƙa ganinsu. A biya kuɗin ta hannun magatakardan kotu da rasit, domin kada gobe a ce an bayar alhali ba a bayar ba, sannan umarnin ya daina aiki ranar da hakamai suka kawo rahotonsu aka yanke hukunci.

Wassalam.
Wani mai karatu daga Zariya