Zuwa ga 'yata mai jego a Njamena

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ya jaririya da mahaifinta? Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafin da kika sani.

Ƙanwarki ta ce hankalinki ya tashi, wai an sallame ki bayan tiyata ba a ba ki ranar cire zare ba, har wata maƙwabciya ta ce mantuwa aka yi. Ba mantuwa ba ce. Shekarun da na yi a ɗakin haihuwa sun ishe ni in gaya miki cewa zare mai narkewa aka sa miki, kuma jikinki ne zai cinye shi.

Kowane iri da wa'adinsa. Vicryl, wanda aka fi ɗinke mahaifa da shi, yakan ɓace tsakanin kwana 56 zuwa 70. Monocryl da ake turawa ƙarƙashin fata yana kai wata uku zuwa huɗu. PDS kuwa, na riƙe bangon ciki, sai wajen wata shida. A zamaninmu har da katgut muka yi aiki, wanda ake yi da hanjin tumaki ko shanu. Na yanzu danshin jiki ne ke narkar da su sannu a hankali.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Ƙarfin zaren yana ƙarewa tun kafin shi kansa ya ɓace. Vicryl a sati uku rabin ƙarfinsa ya tafi, alhali naman bai gama kamawa ba. A daidai lokacin ne mace take jin ta warware, ta sungumi jarkar ruwa ko ta kama taɓarya. Kada ki kuskura. Har ki yi arba'in, abin da ya fi 'yar nan nauyi ba naki ba ne.

Idan kika ga bakin zare ya leƙo a gefen ɗinkin, ko kika ji ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero, kada ki ja. Ki nuna wa nas, in ya kama ta datse.

Batun wankan jego kuma, na san tsofaffin gidanku ba za su ƙyale ki ba. Ki ce ni na hana. Ruwa mai ɗumi ya isa, ban da tafasasshe, ban da dukan ciki da ganye. Ki tsane wurin da ƙyalle mai tsabta ya bushe sarai, don gumi ba ya barin ciwo ya huta.

Amma in wurin ya kumbura, ya yi ja, yana fitar da mugunya ko wari, ko zazzaɓi ya rufe ki, ranar nan ki koma asibiti, ko da dare ne.

Da wankan gida kika zo, da duk wannan da baki zan faɗa. Na ba direba yaji da kuka, ki aika a karɓa a tasha ranar Asabar.

Mahaifiyarki