Maganar rumfar Baba da takardar yarinya

Libarbil, 26 ga Afrilu, 2024

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Ya Inna da ƙafar tata? Ya yara, ya zafi? Na san yanzu Garwa ta ɗau wuta, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Mu nan ruwa ne ba dare ba rana, wani lokacin sai da azahar nake samun hura gawayi. Barkanmu da shan ruwa, ko da yake gaisuwar ta makara. Ka karanta wa Inna wannan takarda, amma in ka zo kan maganar Auta ka tsallake, ni da kai ne.

Jiya na tura jaka 150 ta waya da sunanka. Ka duba, in ba su shigo ba ka yi mini filashin. Jaka 60 na bashin rumfar Baba ne, 25 na takardar haihuwar yarinya, 10 na gyaran lambatu, 40 na Inna, ragowar 15 ka ba maman yara a hannunta. Don Allah Yaya kada a taɓa na rumfa, ko da wa ya zo da kuka.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Wani ɗan unguwarmu da ya iso nan makon jiya ta Kiyosi ya ce ana ta maganar za a bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya a rubuta sunan mai kowace, a ga wanda ya biya da wanda bai biya ba, wadda aka samu da bashi mai yawa a ba wani. Wataƙila zancen bakin kasuwa ne, na san halin mutanenmu, amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Rumfar nan har yau sunan marigayi Baba ke kanta. Shekara nawa ina cewa a je a gyara sunan, ana ce mini sai an natsu. Ka ɗauki tsohuwar takardar, tana cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadon Inna, a cikin baƙar leda tare da katin Baba. Ka tafi da kanka, kada ka aiki yaro. Kuma ka fara tambayar Sarkin kasuwa inda ya kamata a biya, don yanzu ofis ba ɗaya ba ne: akwai meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, guda uku na gundumomi, Garwa ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ga kuma babbar meri ta magajin gari. Kada ka kai kuɗi inda ba nan ba a yi ta yi maka je ka dawo. In ka biya ka karɓi rasit mai hatimi, ka ɗauki hotonsa ka turo mini. Tikitin da ake yankewa kullum daban, kuɗin rumfa daban, Auta ya sha haɗa su don ya ruɗe ni.

To ga maganar Auta. A watan Sha'aban na turo masa jaka 45 musamman don wannan bashi, ya ce mini ya biya. Ranar sallah da dare ina kan tukuba sai wani yaro ya miƙo mini waya ya ce, "Wannan ba ƙaninka ba ne?" Ina dubawa sai ga Auta a kan doki a hawan Lamido, da rawani da alkyabba, yana ɗaga mashi a ƙofar fada. Yaya, mu da doki? Wa ya ba shi? Haya ya yi, kuma na san da kuɗin wa. Raina ya ɓaci ƙwarai, naman da ke kan wuta ma sai da ya ƙone.

Amma ba zan ɓoye maka ba, sau biyar na kalli bidiyon. Ya iya zama a kan sirdi, kamar Baba lokacin da yake bin ayarin Sarkin Hausawa. Na nuna wa 'yan Nijar da muke kwana ɗaki ɗaya, na ce ku ga garinmu, ku ga algaita da kakaki, ku ga ƙura. Har hawaye na yi, na ce musu hayaƙi ne. Sallah ta shida ke nan ban yi a gida ba.

Duk da haka ka zaunar da shi. Kada ka yi masa faɗa gaban matarsa, kuma kada Inna ta ji, hawan jininta zai tashi. Ka ce masa ni na ce ba na bin sa jaka 45 ɗin nan, na yafe, amma daga yau kuɗin rumfa ba zai ƙara bi ta hannunsa ba. Kuma ya riƙa buɗe rumfa da wuri. An ce mini sai hantsi ya dubi ludayi yake zuwa, alhali masu sayen yadi daga ƙauye da sassafe suke shigowa. Rumfar da take rufe ita ake fara sa wa ido.

Sai takardar yarinya. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Ka tuna an haife ta a daminar 2012, lokacin da Binuwai ta cika aka saki ruwan madatsar Lagdo, muna kwana a ajin makaranta da buhunan masara a kan benci. Wa ke ta takarda a lokacin? Aka yi suna da ɗan akuya, na ce in ruwa ya janye zan je meri. Ruwa ya janye, ni kuma na yi ta ɗagawa har na bar ƙasar. Yanzu ga shi baɗi za ta shiga ajin ƙarshe, kuma ba a rubuta yaro jarrabawar CEP ta kammala firamare sai da takardar haihuwa. Tunda lokacin da doka ta ba da ya wuce tuni, meri ba za ta rubuta haka nan ba, sai kotu ta yanke hukunci tukuna, sannan a kai hukuncin meri a ba da takarda. Za a nemi shaidu, kai da Kawu kun isa, ku kuka yi mata huɗuba. Akan kuma kai yaro asibiti likita ya ƙiyasta shekarunsa. Maman yara ta ce mini shugaban makarantarsu ya tara iyaye ya ce ana rubuta sunayen yaran da ba su da takarda, don akan shirya zaman kotu na musamman a yi wa yara da yawa a rana ɗaya, kuɗin ya fi sauƙi. Ka bi ta wajen jauro, mai unguwa, ka ji ko an fara. In an fara, a sa sunanta yau, ba gobe ba. In ba a fara ba kada a jira, a bi ta kotu da jaka 25 ɗin nan, in ba su isa ba ka gaya mini. A duba rubutun sunan da kyau kafin a bar ofis, harafi ɗaya in ya kauce sai ya bi mutum har tsufansa. Ni na ga haka a nan wajen katin zama. Yarinyar nan tana da ƙoƙari, ta karanta mini faransanci a waya har na kasa ce mata komai.

Na ji samarin unguwa sun kafa kwamiti za su kwashe lambatu kafin ruwa ya sauka, kowane gida da abin da aka yanka masa. Madalla da su. Ka ba da jaka 10 ɗin a gaban mutane, a rubuta da sunan gidan Baba, ba da sunana ba. Kada a ce 'ya'yan Malam sun tafi Gabon sun manta ƙofar gidansu. Amma ka gaya musu in sun kwashe kada su tara yashin da ledojin a bakin lambatun, ruwan farko zai mayar da su ciki. Su je meri su roƙi motar da za ta ɗauke. Wannan ne lokacin roƙo, tunda kansilolin da aka zaɓa a Fabrairun 2020 wa'adinsu ya kusa cika, kowa yana son a gan shi yana aiki. Kansilan da ke zaune bayan masallacinmu ai tare muka yi makarantar allo, ku je masa da dattawa biyu. Lokacin ƙwallon Afirka a 2022 mun gani a talabijin yadda aka gyara hanyar filin Rumde Ajiya da fitilu, har 'yan Najeriya da ke nan suna yi mini barka. To mu ma lungunmu a cikin Garwa yake. Katangar ɗakin Inna ta gabas ba za ta ƙara ɗaukar ruwan Agusta ba, ka sa a duba ta.

Ni lafiyata ƙalau, kada Inna ta sa damuwa. Tun da sojoji suka karɓi mulki a Agustan bara gari shiru, muna sana'armu a gefen kasuwar Mombuwe. Ciniki ya ɗan ja baya saboda ruwa, idon ma da yake damuna ya yi sauƙi, na sami magani. Katin zamana zai ƙare nan da wata uku, sabuntawa kuma akwai kuɗi, shi ya sa watakila ba za ku ji ni ba sai gab da babbar sallah. Ragon Inna yana raina, in Allah ya yarda ba za ta ga na maƙwabta ta sunkuyar da kai ba. Zuwa gida kam bana da wuya. Kuɗin mota zuwa Yawunde, jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan wata motar, ga tsaraba, gara in turo muku su.

Yaran makarantar su yarinya za su yi maci ranar 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasar Kamaru, ta ce an zaɓe ta. Cikin jaka 15 ɗin a saya mata farin takalmi, a ɗauki hoto a turo mini.

Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ka gaida Kawu da Gwaggo, da Liman, da matarka da yara, da duk mai tambayata. Auta ma ka gaishe shi, bayan kun gama maganar.

Naka ƙaninka.

Na manta: rasit ɗin rumfa ka riƙe shi a wurinka, kada a mayar cikin akwatin Inna, Auta ya san inda mabuɗin yake. Kuma ranar Litinin ka je, kada ka bari sai an fara zagayen.