Amsa ga ɗana da ya tambaye ni ko ƙauna ce ko tsoro

Ɗana, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar sujadar godiyar kaka ka karɓi lasifika a gaban ikilisiya da baƙin da suka zo mana daga Sumaila da Rano, ka tambayi dalilin da ya sa dattawa suka ɗebi kuɗin baiko aka gyara famfon tuƙa-tuƙa na unguwar Musulmi alhali rufin majami'armu na yoyo. Ka kawo Galatiyawa 6:10, sannan ka ce, "Baba, wannan ƙauna ce, ko tsoron dagaci?" Na yi shiru a wurin domin babba ba ya ja-in-ja da ɗansa a gaban baƙi. Amma tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, amsarta ma ba ta ɗaka ba ce.

Maganar rufi gajera ce. Kwano ne ya yi tsatsa ta gefen da zumuntar mata ke zama. A kanmu ruwan yake zuba duk damina, ba a kanka ba can Kano, kuma littafin lissafi na hannun ma'aji ga duk mai son dubawa. Ayar da ka kawo kuwa, da ka karanta ta daga farko da ka ga ta ce a yi wa kowa alheri kafin ta ambaci 'yan'uwa masu bi.

Kalmar tsoro ce ta tsaya mini a rai. Ni za a kira matsoraci? Ranar da mahaifina ya bar tsafin gidanmu aka yi masa baftisma, danginsa suka hana shi gonar gado, da ƙwadago muka ci tuwo har na yi wayo. An kira ni arne a kasuwa, an kira ni a layin taki, ban taɓa sauya sunana don a ba ni buhu ba. Na san kuwa waɗanda in sun shiga birni neman aiki sukan ninke sunan baftismarsu su sa a aljihu. Ban kama sunan kowa ba. Tambayi mahaifiyarka wa ya yi ta zarya daga ofis zuwa ofis kan takardar filin wannan majami'a da kake kuka da rufinta.

Da famfon ya lalace, ka zo ka gani? Mata da jarkoki suka koma kududdufin bayan gari inda shanu ke sha, ruwan ja wur kamar kunun kanwa, suna tacewa da bakin zane. Yara suka fara gudawa. A bazara, in rijiyarmu ta ƙafe, a wannan famfon matanmu ke bin layi, ba wanda ya taɓa ture musu bokiti. Roba ce ta cinye a ƙasa, sanda ɗaya kuma ta tsinke. Kuɗin gyaran bai kai na bandir ɗin kwano ba.

Buɗe Yohanna sura 13. Daren da za a bashe shi, Yesu ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya bi almajiransa yana wanke musu ƙafa, aikin da bawa ke yi wa baƙo. Bitrus ma sai da ya ƙi. Lura da wannan, ɗana: Yahuza, wanda ya ci amanarsa, bai fita ba sai a aya ta 30. Yana zaune aka zagaya da daron, Ubangiji kuma ya san abin da ke cikinsa. Bayan nan ne ya ba da sabon umarni, su ƙaunaci juna yadda ya ƙaunace su. Tsoron wa yake ji da ya durƙusa? Maƙwabtanmu kuwa ba su ci amanarmu ba, da su muke binne gawa, da su muke gayya.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Kano. Tun a shekarun 1930 ma'aikatan mishan na SIM suka fara wanke gyambon kutare a Yadakunya. Asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake aiki, je ka tsaya a layinsa ka ƙirga masu bin addininmu nawa ne. Su ma fadanci suke yi?

Ban ce zaɓen shugabannin matasa da ke tafe ne ya kaifafa maka harshe ba, ko da yake an tafa maka sosai ranar. Abin da ke damuna ya wuce kai. Mun tura ku makaranta da kuɗin gyaɗa da dawa, kun dawo kun iya wa'azin tawali'u da Turanci, amma in an zo taro kowa kujerar gaba yake nema, a kira shi da laƙabinsa cikakke. Mai bisharar da ke ƙauyen gabanmu da keke yake zagaya gidaje, albashinsa sai an ga dama. Manya daga birni kan zo lokacin Kirsimeti da buhun gwanjo, a jera marayunmu a ɗauki hoto, mota ta tashi kafin a sauke tukunya. Ban ji ka karɓi lasifika a kan wannan ba.

Ni ne babanka cikin Ubangiji,
dattijon ikilisiya, daga ƙasar Sumaila.