Masu tura fina-finai, ku daina matse mana tarihi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Ka taimaka ka ba ni fili in isar da koke ga 'yan'uwana masu tura fina-finai a waya.

Mahaifina ya haura shekara 70, kuma mutum ne mai son tarihi. Bayan sallar isha'i mukan zauna a zaure, in jingina wayata da buta, mu kalli fassarar wani fim mai dogon zango na Turkiyya a kan Daular Usmaniyya. Makon jiya muka iso inda ya daɗe yana jira: shekarar 1453, Sarki Muhammadu Fatih, saurayi ɗan shekara 21, ya sa an ja jiragen ruwa ta kan tudu a kan gungumen itace da aka shafe da maiƙo, aka ɓullo wa birnin Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, ta inda ba ta zata ba. Baba ya gyara tabarau, ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi. Can ya ce, “Jirgin ne wannan ko raƙumi?” Wallahi ni ma ban iya bambancewa ba. Wani dunƙule ne kawai ruwan ƙasa yana rarrafe. Ya tuɓe tabaran ya ce in ba shi labari da baki. Abin ya tsaya min a rai.

Da na bincika, ashe wanda ya tura min ya matse fim ɗin zuwa 144p, don kashi da yawa su shiga ƙaramin memori. Ƙanena ya yi min lissafi: hoton 144p ɗigo 256 ne a kwance, 144 a tsaye, na 720p mai fitowa tangaran kuwa 1280 da 720. Wato cikin ɗigo 25, guda tak ya iso hannunmu.

Fim ɗin soyayya ko na barkwanci, murya ma ta wadatar. Na tarihi ba haka yake ba. Rabin darasin yana jikin sutura da makamai: naɗin rawani, zoben sulke, aikin zare a wuyan alkyabba, taswirar da aka shimfiɗa gaban sarki. Ni da nake yini kan keke, na san kwanakin da aikin wuyan riga ɗaya ke ci. A zo a mayar da shi dishi-dishi, har ka kasa gane sarki da dogarinsa sai sun yi magana!

Na san data ta yi tsada, balle tun ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025. Shi ya sa ma muke zuwa wurinku, ku masu tura fina-finai. Roƙona shi ne ku ajiye kwafi biyu, ku faɗa wa mutum gaskiya tun kafin ya miƙa wayarsa. Mai son da yawa ya ɗauki matsattse, irina kuma a ba mu ko 360p ne. Na yarda in ƙara kuɗi, na yarda in ɗauki kashi biyar maimakon talatin, in dawo in sun ƙare. So nake in sake kunna wa Baba wancan wurin, ya ga jiragen da idonsa.

Naka,
Wani tela a Jekadafari, Gombe